Ƙwallon Da Ya Sha Rana

Shafi na 14

Masu cewa a ƙone Baba Rasaki kowa ya huta, na ga saƙonninku kaf, har da wadda ta ce da ita ce da ta kawo ashana daga gida. To ku gyara zama. Wadda ta zage shi jiya ta fara tunanin inda za ta nemi yafiya.

*

Ƙarar da Tejumade ta jiyo ba ta mari ba ce. Mari ta san shi, gida ɗaya ta tashi da yayanta Boda Kunmi. Wannan ƙarar katako ce a kan ƙashi.

Tana tsugune a tsakiyar abin da ya rage na shagon ɗinkinta, toka har idon sawu. Jiya Lahadi suna coci wuta ta tashi, kafin a ankara ta lashe komai: keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarsu, labule, madubi, da tulin ankon bikin 'yar Mama Ibeji da aka kawo mata ta ɗinka. Rufin kwanon ya rufto, yanzu sama ce kawai a kanta. Yau kuma da hantsi Baba Rasaki mai walda, wanda rumfarsa ke manne da bangon shagon, ya zo buɗe wurinsa kamar kullum, yaran tasha suka yi ram da shi.

Daga waje muryar yayanta ta shigo, a sanyaye. In Boda Kunmi ya sanyaya murya, duk tashar motar Ibadan da yake riƙe da ita an san abin da ke biyo baya.

"Baba, faɗi gaskiya mu tashi. Rana na dukanmu."

"Akinkunmi, na rantse da Allah..."

"Kar ka kira sunana da wannan bakin."

"A gabana aka haife ka. Ni na ƙera wa mahaifiyarka ƙofar shagon nan."

"Shi ya sa ka san inda za ka jefa wuta. Jagun, ƙara masa."

Katakon ya sake sauka. Tsohon bai yi ihu ba, wani nishi kawai ya yi kamar wanda aka taka wa ciki.

Tejumade ta toshe kunne, ta ci gaba da tona tokar da ƙafa. Ba keke take nema ba, ba almakashi ba. Abin da take nema ko yayanta bai san da shi ba.

Tun rasuwar mahaifiyarsu hankalinta ya watse. Ta yanka hannun riga biyu duka na hagu. Ta ɗinke yatsanta da allurar keke, sai da ta ga jini a kan leshin mutane ta gane. Za ta ɗauki awo, kafin ta kai alli kan yadi ta manta. Masu kawo ɗinki suka fara janyewa. A nan ne ta ci karo da Anti Remi a waya, mai sayar da duwatsun warkarwa: mai ruwan goro na ƙarfin zuciya, mai ruwan hoda na soyayya, fari garai-garai na tattara hankali. Tejumade ta sayi farin. Ƙwallo ne mulmulalle, girman babban lemo, kana hango tafin hannunka ta cikinsa.

Anti Remi ta ba ta sharuɗɗa. Kar kowa ya taɓa. Kar kowa ya sani, in ba haka ba ƙarfinsa ya tafi. A wanke shi da ruwan gishiri. Kafin a fara aiki a riƙe shi, a zuba masa ido, a ja numfashi har kai ya zauna. Sannan duk mako a ba shi rana ya sha, don dutse ma yana jin yunwa.

Kuma kanta ya zauna ɗin. Ko dutsen ne, ko zaman shirun da take yi kafin ta taɓa almakashi ne, ni ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na sani, Tejumade ta fi yarda da ƙwallon nan fiye da hannunta na dama.

Ƙafarta ta bugi wani abu a ƙarƙashin teburin ƙarfe. Ta sa hannu. Ga shi, baƙi ƙirin da hayaƙi, amma ko tsaga bai yi ba. Hawaye suka zubo mata. Ta zauna a kan wani bulo, ta kama bakin zaninta ta goge shi, ta goge, har ya dawo da haskensa.

A waje hayaniya ta ƙaru. Muryar Mama Ibeji ce ta fi ta kowa, dama ko a coci ita ce ke rufe ganga.

"Ku tambaye shi mana. Ranar Asabar me ya ce? Ni da kunnena na ji."

"Mun ji, Mama."

"Ya ce wata rana wuta za ta ci wannan shagon naku. Asabar ya faɗa, Lahadi ta ci. Shi annabi ne?"

"Leshi ta shanya kusa da tartsatsina," in ji Baba Rasaki, muryarsa na fita da ƙyar. "Gargaɗi na yi mata. Jiya ko unguwar nan ban shigo ba, matata na kai asibiti."

"Matarka ka kai asibiti," Mama Ibeji ta kwaikwaye shi. "To ni 'yata fa? Tsirara za ta shiga ɗakin miji? Danginmu daga Legas da me za su yi rawa, da toka?"

Wani ya ce a kira 'yan sanda. Aka yi masa dariya. Boda Kunmi ya ce, "A kai shi da rana, ya dawo da yamma yana mana murmushi? Jagun, je ka wurin mai faci ka kawo taya."

Tejumade ta gane ƙone shi za su yi. Taya.

Ita ma ta yarda shi ne. Daren jiya har tsine masa ta yi a zuciya. Amma duka daban, taya daban. Ta yunƙura za ta tashi, ta koma ta zauna. Tunaninta ya tarwatse kamar kajin da aka jefa wa dutse: ta fita, ta ce me? Ta zauna, ta ji ihunsa? Sai ta yi abin da ta saba. Ta ɗora ƙwallon a cinya, a kan baƙin zaninta, ta zuba masa ido, ta fara jan numfashi.

Rana ta ɗan karkata, tana saukowa kai tsaye ta inda rufi ya kamata ya kasance.

Ta ja numfashi. Ta sauke. Ta ja.

Wani zafi ya soke ta a cinya kamar an caka mata allura mai wuta. Ta zabura, ta ɗaga ƙwallon. A kan zanin akwai ƙaramin rami, bakinsa ja, siririn hayaƙi na tashi. Ta murje shi da yatsa. Ta duba ƙasa, ko garwashi ne ya rage a cikin tokar. Babu, tun jiya aka jiƙe wurin da ruwa.

A hankali ta mayar da ƙwallon kan zanin. Wani ɗigon haske, fari fat, ƙarami kamar ƙwayar gero, ya bayyana a ƙarƙashinsa. Tana kallo zaren ya yi duhu, ya murɗe, ya huda. Hayaƙi ya sake tashi.

"Yesu," ta ce, can ƙasan maƙoshi.

Jiya ta dawo mata gaba ɗaya. Da can a kan dakalin siminti na bayan shago take ajiye shi, ya ɗan sha rana tana tsaye, ta ɗauke. Jiya kuwa tana sauri za ta coci, ga aikin Mama Ibeji, aikin da irinsa bai taɓa shigowa shagon ba tun mahaifiyarsu na raye. Sai ta ce bari ya sha ranar yini guda, ya ƙoshi sosai. Ta buɗe labulen tagar yamma. Ta ɗora shi a saman tulin ankon, a kan ƙyallen karan-miski baƙi, wai don albarkarsa ta shiga kayan tun kafin ta yanka. Ta kulle ƙofa da hannunta, ta tafi tana waƙa.

Ba Baba Rasaki ba ne. Ita ce.

Warin fetur ya shigo mata hanci.

Nan fa zuciya ta fara yi mata ciniki, kuma kar wanda ya ce shi da ba zai saurara ba. Babu wanda ya san da ƙwallon. Ta cusa shi a jaka, ta jefa a kwata, magana ta mutu. In ta fita ta faɗa, Mama Ibeji ba za ta bar ta da rai a unguwar nan ba. Yayanta kuma, da ya tara yaransa ya fasa wa dattijo baki a kan keken uwarsu, da wane ido zai dube ta?

"Don Allah," ta jiyo muryar tsohon. "Ku bari in yi kalmar shahada."

Ta tashi da gudu.

Abin da ta tarar ya fi abin da ta jiyo muni. Baba Rasaki na zaune dirshan a tsakiyar layi, hannuwansa ɗaure ta baya da wayar walda tasa, taya a wuyansa. Idonsa ɗaya ya rufe, jini ya bi gemunsa ya ɓata rigar. Jagun, babban yaron Boda Kunmi, na juye sauran jarkar a kansa, fetur na gangarowa yana taruwa a ramin da ke ƙarƙashinsa. Jama'a sun yi da'ira. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, har da mai sayar da amala da cokalinta a hannu.

"Boda Kunmi."

Bai juyo ba. "Koma ciki, Teju. Ba kallon mata ba ne."

Ta ratsa mutane, ta zube a gabansa da gwiwoyi biyu, ta riƙe ƙafar wandonsa. "Boda, ku saurare ni. Ba shi ba ne."

"Sakar min wando."

"Ba shi ba ne, na rantse da kabarin Mama."

Sai a nan ya dube ta. Idanunsa jajur, bai yi barci ba. Shi ne ya ɗauko keken nan a kansa daga kasuwa ranar da mahaifiyarsu ta saya, yana ɗan makaranta. Jiya da hannu ya tono gangar jikin keken daga wuta, tafinsa duk ya kumbura.

"Kar ki ƙara sa kabarin Mama a bakinki saboda wannan mutumin. Tausayi ne ya kama ki? Shi ya ji tausayinki?"

"Ni ce na ƙone shagon."

Sai Jagun ya fashe da dariya. "Oga, Anti ta zautu. Hayaƙi ya shiga kanta."

"Tashi," in ji Boda Kunmi.

"Ni ce, Boda."

"Kina coci. A gefena kike zaune. Tashi na ce."

"Wannan ne." Ta ɗaga ƙwallon da hannu biyu. "Na bar shi a taga yana shan rana."

"Yana shan me?"

"Rana. Anti Remi ta ce..."

Marin ya kwantar da ita gefe guda. Kunnenta ya yi ɗif, ta ji ɗanɗanon jini a baki, amma ba ta saki ƙwallon ba. Tun da aka binne mahaifiyarsu bai taɓa ɗaga mata hannu ba.

"A gaban yarana za ki mai da ni mahaukaci? Dutse ya ƙone shago? Gobe kuma ki ce cokali ya saci akuya."

"Akinkunmi," in ji Baba Rasaki daga cikin tayar, "kar ka dake ta. Ni dai ka gama da ni, ita ka bar ta."

"Rufe min baki, tsoho."

Tejumade ta tashi. Kanta, abin mamaki, a zaune yake fiye da kowane lokaci. Ta miƙa hannu ta fizge hular da ke kan yayanta. Jama'a suka ja numfashi. A tasha, wanda ya taɓa hular Boda Kunmi sai dai a kwashe shi.

Ta ja da baya, nesa da fetur, ta shimfiɗa hular a kan dakalin wani shago, ta ɗora ƙwallon a kai.

"In ƙarya nake, ku sa min tayar. Ku duba kawai."

Ya taho zai shaƙe ta. Taku biyu ya yi ya tsaya.

Ɗigon haske ya zauna a kan hular. Yadin ya yi duhu. Hayaƙi ya miƙe siriri, sannan wani ɗan harshen wuta ya leƙo, ya fara cin hular Boda Kunmi a gaban idon kowa, ba ashana, ba garwashi, ba hannun mutum.

Na gaba suka ja da baya suna taka na baya. Mai amala ta yar da cokali.

Boda Kunmi ya dubi hular. Ya dubi ƙanwarsa. Sannan, a hankali, kamar wuyansa ya sage, ya juya ya dubi tsohon da ke zaune cikin fetur. Tejumade ta ga lokacin da abin ya shige shi. Katakon da ke hannunsa ya zame ya faɗi.

"Boda, ku kwance shi," ta ce. "Don Allah ku kwance shi."

Ta ɗauka an gama. Wallahi ta ɗauka an gama.

"Ku tsaya," in ji Mama Ibeji.

Ta fito tsakiya tana gyara ɗaurin ɗankwali, idonta a kan ƙwallon, ba ta ko ƙiftawa.

"Kun gani ko? Ku da idonku kun gani. Yarinya ta ajiye dutse, ta ce masa ci, ya ci. Wane dutse ne ke haifar wuta? Ni na haifi tagwaye, na binne miji, ban taɓa ganin wannan ba."

"Mama, rana ce ke bi ta cikinsa," in ji Tejumade. "Na tattara hankali ne kawai, a waya na saya..."

"Na tattara hankali. Hankalin wa? Shi ya sa duk telolin garin nan na tsallake su na kawo miki kayana, ni kaina ban san dalili ba. Ashe hankalina kika tattara."

"Haka ne," wata ta ce daga baya. "Ni na sha leƙa ta da safe, tana riƙe da abu tana magana ita kaɗai."

"Da gishiri take masa wanka. Na ga ruwan da take zubarwa."

"Uwarsu ma fa lafiya lau ta kwanta."

Wannan ta ƙarshen ita ta buɗe ƙofa. Mama Ibeji ta tafa hannu sau ɗaya.

"Mayya ce."

Kalmar ta zaga da'irar kafin Tejumade ta rufe baki. Mutanen da ta ɗinka wa kayan suna da na coci, waɗanda suka yi mata jaje jiya, su ne suka fara duƙawa suna tsintar duwatsu. Jama'ar da ta taru don ganin wuta ba ta son komawa gida haka nan, wanda za a ƙone ne kawai ya canja.

Dutsen farko ya same ta a kafaɗa. Na biyu ya fasa mata goshi. Ta rarumi ƙwallon, ita kanta ba ta san dalili ba, sai wani ya kai wa hannunta duka da gora. Ƙwallon ya kuɓuce. Ya bugi dakali, ya gangara, ya bi gangaren layin yana walƙiya, mutane na tsalle suna kauce masa kamar maciji. Bai tsaya ba sai da ya jingina da cinyar Baba Rasaki, a kan wandonsa da ya jiƙe sharkaf.

Rana kuwa ko girgije ɗaya babu a gabanta.

Tsohon ya sunkuyar da kai ya ga ɗigon haske a jikinsa. Ya yi ƙoƙarin janye ƙafa, tayar ta danne shi. Babu wanda ya matso. Kowa baya yake ja.

Tejumade ba ta yi tunani ba. Ta yi tsalle ta faɗa kan ƙwallon da cikinta, ta rufe shi ruf, fuskarta a cikin fetur. Ya shiga idonta, ya shiga raunin goshinta, raɗaɗi ya kusa sumar da ita. Ta rungume ƙafar tsohon ta ƙi motsi.

"Baba, ku yafe min," ta ce a cikin ƙasa.

"Tashi, 'yata. Gudu."

"Ba inda za ni."

"Sun haɗa kansu ma," in ji Mama Ibeji. "An rage muku aiki. Jagun, me kake jira? Ko sai ta ƙone unguwar duka da 'ya'yanmu a ciki?"

Jagun ya dubi ogansa. Kwalin ashana na hannunsa.

Boda Kunmi bai dube shi ba. Kansa ba hula, jinin dattijo a hannun rigarsa, ya tako a hankali. Tejumade ta ga takalmansa sun tsaya a bakin ramin. Ta runtse ido, tana jiran duka.

Sai ta ji ruwan ya motsa. Ya shigo cikin fetur ɗin, ya zauna dirshan tsakaninta da jama'a, ya ɗebo da tafi biyu ya shafa a ƙirjinsa. Hannu ɗaya ya ɗora a bayanta, ɗayan ya fara warware wayar da ke hannun Baba Rasaki.

"Jagun," ya ce, da muryar nan tasa mai sanyi. "Ba ni ashanar."

Jagun ya miƙo. Bai kai ba. Wani hannu mai awarwaro ya riga Boda Kunmi, ya fizge kwalin.

"Mama Ibeji," in ji Boda Kunmi, "in za ki kunna, ki dube ni da kyau. Mu uku ne."

Tejumade ba ta ganin komai, fetur ya rufe mata ido. Kunnenta kawai ke aiki. Ta ji layin ya ɗauke numfashi. Ta ji an zaro tsinke daga kwali.

Ƙyas.